Goge Dogo a Ƙasar da Jirgi Bai Je Ba

A wani gida da ke zangon Bawku, can ƙuryar arewa maso gabashin Gana inda ƙasar ta haɗa iyaka da Burkina Faso da Togo, akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, mai jirgin ƙasa a ɗakinsa. Kan jirgin bai fi tsawon tafin hannu ba. Taragunsa huɗu ne, dogon da yake bi kuwa zagaye ne da aka kafe da ƙananan ƙusoshi a kan wani falanki mai faɗin ƙyauren ɗaki. 'Yan unguwa, babba da yaro, Malam kawai suke ce masa. Ya fi shekara hamsin yana riƙe da wannan jirgi, kuma da za a auna lokacin da ya ɓata a kansa, da an tarar na goge dogo ya ninka na kallon tafiyar jirgin sau da yawa.

Abin da zai fara ba mai karatu mamaki shi ne, duk faɗin arewacin Gana babu layin dogo ko taku ɗaya. Turawan Ingila sun fara shimfiɗa shi daga Sekondi a bakin teku, ya isa Tarkwa mai ma'adinin zinariya a 1901, ya kai Kumasi a 1903, sannan aka haɗa Akra da Kumasi a 1923. Daga nan bai ƙara gaba ba. An sha maganar miƙa shi arewa tun zamanin Gwamna Guggisberg, amma maganar ba ta wuce takarda ba. Saboda haka Salaga, inda aka haifi Malam, da Yendi, inda ya yi yawancin aikinsa na koyarwa, da Bawku, inda ya dawo kusa da 'yarsa bayan ya yi ritaya, babu wadda ta taɓa jin kukan jirgi a cikinsu.

Sai dai Salaga ta ɗanɗani jirgin ƙasa ta wata fuskar. Tun kafin zuwan Turawa ita ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da kayan fata da rinannun tufafi, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Yendi, su sauka Salaga bayan watanni suna tafe a bayan madugu. A can suke sayen goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Kasuwar ta kuma yi ƙaurin suna wajen cinikin bayi. Da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, ciniki ya soma ja da baya. Yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanen zango, cikinsu har da shahararren malami kuma mawaƙi Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Abin da ya ƙarasa hanyar shi ne dogon da ya isa Kano a 1911, wanda Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi wa aikinsa “Waƙar Diga”. Daga nan goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, a loda shi a tarago, ya kai Kano cikin 'yan kwanaki. Wa zai ƙara ɗaura wa jaki mangala don tafiyar watanni?

Kawun Malam yana cikin waɗanda suka gaji fataucin goro bayan ya koma na mota. Shi ne wata rana ya dawo daga Kumasi da wani kwali da ya saya cikin kayan gwanjo, ya miƙa wa yaron, lokacin yana ɗan shekara goma sha biyu, ya ce, “Ungo, ga abin da ya cinye kasuwar kakanninka. Riƙe ka ga kamanninsa.” Jirgi ne ƙirar Ingila, irin wanda ake rage girman na gaske sau 76 a ƙera shi, tsakanin ƙarafan dogonsa biyu milimita 16.5. Gidansu babu lantarki a lokacin, don haka sai da aka roƙi wani direba aron batirin mota kafin jirgin ya motsa. Da ya motsa kuwa, har dattawan da ke alwala a ƙofar masallaci sai da suka leƙo.

Kafin a gane dalilin da ya sa goge dogo ya zama babban aiki, dole a san yadda irin wannan jirgi ke tafiya. Ba ya ɗauke da mai ko batir a cikinsa. Ƙarafan dogon nan biyu su ne wayoyinsa: wuta mai ƙarfin bolt 12 tana shiga ta ɗaya, ta hau ƙafafun gefe guda, ta juya ɗan injin da ke ciki, ta sauko ta ƙafafun ɗaya gefen, ta koma ta ɗaya ƙarfen. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai fi kan tsinke ba. Jirgin gaske yana da nauyin da zai murƙushe duk dauɗar da ya taka, amma wannan bai kai nauyin sabulu biyu ba. Saboda haka ɗan siririn maiƙo ko ƙura, wanda ido ba zai gani ba, ya isa ya yanke wutar. Sai ka ga jirgi yana tafiya yana tuntuɓe, fitilarsa tana ƙyaftawa, can ya tsaya cak. Duk lokacin da wutar ta yanke ta dawo kuma, ɗan tartsatsi yakan tashi tsakanin ƙafa da dogo, ya bar baƙin gari mai laushi. Wannan garin ne ke cakuɗuwa da ƙura da man inji ya zama baƙar dauɗar da ke manne wa dogo da ƙafafu.

Babban kuskuren Malam a Yendi ya yi shi, yana matashin malami. Hunturu ya shigo da hazonsa, ƙura ta lulluɓe kome, ga shi ya yi wa 'yan ajinsa alkawarin zai nuna musu jirgin, domin a littafi kawai suke ganin hotonsa. Jirgi kuwa ya ƙi tafiya. Ya dubi yadda uwargidansa ke fito da hasken tukwane da farantai, ya ce ai ƙarfe duk ƙarfe ne. Ya samo toka da lallausan yashi da lemun tsami, ya haɗa da soson waya, ya zauna ya dirji dogon nan har ya riƙa ɗaukar ido. Kashegari jirgi ya yi gudun da bai taɓa yi ba, yara suka yi ta sowa.

Ashe gyaran gangar Abzinawa ya yi. Tsohon dogon baƙin ƙarfe ne da aka yi wa siririn rufi mai hana tsatsa, yashi da soso suka tafi da rufin. Ruwan lemun da ya maƙale a mahaɗan dogo ya shiga cin ƙarfen a hankali. Ƙananan ƙarzunan da yashi ya bari suka zama matattarar dauɗa, ta yadda dogon da a da kan yi wata bai nemi guga ba, yanzu kwana uku ya yi yawa. Mafi muni, injin jirgin yana da maganaɗisu, ya zuƙe ɓurɓushin soson waya ya tara a cikinsa har ya cije. Sai da wani mai gyaran agogo ya yini yana tsince su da hantsaki. Da damina ta faɗi, tsatsa ta cinye fiye da rabin dogon. Ba a sayar da irinsa a Yendi, ba a sayar da shi a Tamale. Shekaru da dama jirgin ya yi yana kai da kawowa a kan ɗan guntun da ya tsira, kafin wani tsohon ɗalibinsa da ke ƙasar waje ya aiko masa da sabon dogo. Shi wannan, na wani gamin tagulla da tutiya da nikel ne, fari kamar azurfa ko da yake babu azurfa a cikinsa, kuma ba ya tsatsa.

In Malam yana ba da labarin wannan asara, yakan ce kuskurensa na nahawu ne: an ce ya goge, shi kuwa ya kankare. Maganar ta cancanci ɗalibin Hausa ya tsaya a kanta, domin harshen ya rarrabe ayyukan tsabta gwargwadon ƙarfin da ake sawa da abin da ake son kawarwa. Ana share ɗaki da tsintsiya, a kakkaɓe tabarma ko riga don ƙura ta zube. Ana goge allo ko madubi da tsumma, hannu yana bin fuskar abin ba tare da ya ci ta ba. Ana dirje kaushin ƙafa da dutse, a kankare ƙanzon tukunya da cokali, nan kuwa dole wani abu ya ɓantare. Ana wanke kwano da ruwa da sabulu, sannan a ɗauraye shi. Duk cikin waɗannan, uku kaɗai dogon ƙaramin jirgi ke jurewa: shara, kakkaɓa da guga. Daga tushen guga ne kuma aka sami “gogagge”, wato mutumin da yawan cuɗanya da aiki ya fito da haskensa sannu a hankali.

Kayan aikin da Malam ya tsaya a kansu bayan wannan darasi duk suna cikin wani tsohon gwangwanin madara, kuma babu wanda ba a samu a gida ko a kantin unguwa. Yakan fara da cire wayar wuta. Sannan ya ɗauki gashin zabuwa, abin da ba a rasawa a Bawku, ya share ƙurar da ke kwance a kan dogo da tsakanin 'yan katakan da ke riƙe da shi. Ya ce wanda ya sa tsumma kafin ya share, yashi yake gogawa da hannunsa. Bayan haka sai ya yago ƙyalle daga tsohuwar singileti ta auduga, wadda wanki ya cinye gashinta, domin sabon ƙyalle ko tawul yakan bar zare, zaren kuma ya naɗe a gindin ƙafafun jirgi. Ya naɗa ƙyallen a ɗan yatsa, ya ɗiga masa sifirit ɗin nan da masu aski ke goge aska da shi, ɗigo biyu ko uku, ya bi saman dogon a tsaye, ba a gicciye ba. Layi biyu baƙaƙe za su fito a ƙyallen. Ya matsa zuwa wuri mai tsabta ya sake bi, har sai ƙyallen ya daina baƙi sosai. Amfanin sifirit shi ne yana narkar da maiƙo kuma ya bushe nan take bai bar kome ba. Sharaɗinsa biyu: kada a yi aikin kusa da fitilar kananzir ko garwashi, kada kuma ya taɓa fentin jirgi.

Inda dauɗa ta daskare ta ƙi tsumma, yana da wani guntun katako irin siririn nan da kafintoci ke rufe bayan kabad da shi, mai fuska ɗaya santsi ɗaya kaushi. Fuskar mai kaushi yake kifawa a kan dogo ya ja a hankali. Ta fi dauɗa ƙarfi, ba ta kai ƙarfe ba. Guntayen tsohon dogon da suka tsira daga Yendi kuwa, in tsatsa ta ɗan taso musu, robar goge rubutu yake sa musu, sannan ya share ɓurɓushinta tas. Mahaɗan dogo, wato 'yan ƙarafan da ke riƙe guntu da guntu, da tsinken sakace yake ƙwaƙule su, in sun saki ya ɗan matse su da filaya, don sau da yawa a nan wuta ke yankewa a ɗora wa ƙura laifi. A ƙarshe ya ɗauki fensir mai laushi irin na masu zane, ya ɗan shafa bakinsa a wurare uku ko huɗu. Baƙin cikin fensir yana ɗaukar wuta, jirgi kuma zai baza shi da kansa. In ya yi yawa ƙafafu su riƙa sulɓi.

Akwai kuma abubuwan da ya haramta wa ɗakin. Soson waya da takardar yashi su ne kan gaba. Ruwa da sabulu suna barin danshi da dafi. Tsamiya da lemun tsami, waɗanda ke fito da hasken tagulla a madafa, ba su da wurin zama a nan. Man kaɗanya da manja da man keken ɗinki, duk wanda aka shafa wa dogo ya zama tarkon ƙura. Ruwan goge farcen mata kuwa yana narkar da robar da aka yi 'yan katakan dogo da ita.

Wanda ya goge dogo ya bar ƙafafu, kamar wanda ya share ɗaki ne ya shigo da takalmin gona. Dabarar Malam a nan mai sauƙi ce. Yakan shimfiɗa ƙyalle mai ɗan sifirit a kan dogo, ya ɗora rabin ƙafafun kan jirgin a kansa, sauran rabin suna taɓa ƙarfe suna ɗaukar wuta. Ya riƙe jirgin da yatsu biyu ya ba shi wuta kaɗan, ƙafafun su yi ta juyawa suna goge kansu. Sai ya juya shi ya yi wa ɗaya ɓangaren. Na taragu kuwa, da yake ba su da inji, ɗaya bayan ɗaya yake bin su da auduga a kan tsinke. In an gama, tsohon zanen uwargida ake lulluɓa wa falankin duka, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.

A Bawku ne aikin ya soma fin ƙarfinsa. Ido ya yi rauni, hannu ya soma rawa. Wata rana ya ga ya kasa zura mahaɗi a bakin dogo, ya yi ta gwadawa har ya lanƙwasa shi. Ya mayar da kome cikin gwangwani, ya lulluɓe falankin, ya yi kusan wata biyu bai ɗaga zanen ba. Ba wanda ya gaya wa dalili.

Wannan kuwa ya zo daidai da wani lokaci na zaman ɗar-ɗar. Bawku ta sha fama da rikicin sarauta, kuma sau da yawa hukuma takan sa dokar hana fita da dare. In magariba ta yi, kasuwar da ke tara mutanen ƙasashe uku ta yi tsit, yara su taru a tsakar gida ba dandali ba makarantar dare. A irin wannan daren ne jikarsa, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta ɗaga zanen ba da izini ba, ta haɗa waya kamar yadda ta saba gani. Jirgi ya yi taku ɗaya ya tsaya. Ta leƙa ɗaki ta ce, “Kaka, jirginka ya mutu. Kura ta hau dogo.”

Malam ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ya ce, “Amarya, in kura ce ta hau, ai sai mu nemi mafarauta. Ni dai ƙura na sani.” Yarinyar Hausar zangon Gana take yi, wadda a bakin mutane da yawa ƙ da k suka zama ɗaya, haka ɗ da d, da ɓ da b, bambancin namiji da mace a nahawu ma ya yi rauni. Hausa ce cikakkiya mai biya wa masu ita bukata, ita ce kuma ke haɗa Kusasi da Mamprusi da Busanga da Mosi a kasuwar Bawku. Malam bai taɓa raina ta ba, don da ita ya tashi. Ta Kano a littattafai da rediyo ya ƙaro ta. Amma a daren nan ya sa yarinyar ta maimaita kalmomin biyu har maƙogwaronta ya kama bambancin, sannan ya ce ta ɗauko gwangwani.

Shi ya zauna a kan buzu, ita ta durƙusa gaban falanki. Ta kai hannu ga tsumma, ya ce, “A'a, share tukuna.” Ta sa ƙarfi a kan wani tabo, ya ji ƙarar ƙarfe, ya ce, “Wannan dirza ce, amarya. Goge na ce.” Ta ce, “Kaka, ai duk ɗaya ne.” Ya ce, “Rabin dogona na biya kafin in san ba ɗaya ba ne.” Mahaɗin da ya gagare shi, yatsunta suka zura shi a gwaji na farko. Da aka ba da wuta, jirgin ya zaga sau ɗaya, ya yi tuntuɓe a kwanar da ke kusa da taga. Malam bai gani ba, ji ya yi. Ya ce ta koma wajen, akwai saura. Ta koma, ƙyalle ya fito da baƙi.

Tun daga ranar aka raba aiki: kunne nasa, hannu nata. Ya kuma gaya mata abin da ya fi duk kayan cikin gwangwani, wanda masu irin wannan jirgi a ko'ina suka sani: dogon da jirgi ke bi kullum ba ya neman guga da yawa, don ƙafafun da kansu suna hana dauɗa zama. Wanda aka lulluɓe aka manta, shi ne ke dusashewa ko da ba a taɓa shi ba. Ya ce haka hanyar Gwanja ta yi. Ba wanda ya rufe ta, daina bin ta aka yi. Hausawa dai sun riga sun ce zumunci a ƙafa yake. Saboda haka dokar ɗakin yanzu ita ce, kowane dare bayan sallar isha'i jirgi ya zaga sau goma, ko akwai mai kallo ko babu.

A ƙarshen 2024 aka buɗe sabon layin dogo mai tsawon kilomita 97 daga Tema zuwa Mpakadan a bakin tafkin Volta, kuma shirin da ke kan takarda shi ne a miƙa shi arewa ta Yendi da Tamale har iyakar Burkina Faso. Da aka karanta wa Malam labarin, bai ce zai gani ba, bai ce ba zai gani ba. Ya dai tambayi jikarsa ko sifirit ya kusa ƙarewa, ta ce saura kaɗan. Ya laluba aljihu ya ba ta kuɗi, ya ce gobe in ta taso daga makaranta ta biya ta kantin magani, ta kuma tambayi uwarta ko akwai wata tsohuwar singileti da aka daina sawa.